Shuɗin Hayaƙin Motar Malam Idi

Kwanan baya na kai tsohuwar motata wani gareji a bakin hanyar Magama, saboda na lura tana ɗan yin hayaƙi idan na tayar da ita da safe. Ba wani hayaƙin tashin hankali ba ne, ɗan shuɗi-shuɗi ne da yake ɓacewa kafin in hau titi. Makanikin bai buɗe bonet ba, bai ce in tayar ya ji ba. Yana zaune a kan benci yana latsa waya ya ce, "Baba, a sauke injin kawai a sa na hannu, na Beljiyam. Akwai wani mai kyau da ya shigo jiya." Na ce masa robar bawul ce ta bushe, aikin yini guda ne. Ya dube ni yadda ake duban wanda ya kawo gyaran fitilar ƙwai, ya ce yanzu ba a wannan wahalar. Na ja motata na koma gida raina a ɓace. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba ni da bakin yi masa faɗa yadda nake so, domin ni ma na taɓa sauke injin da bai yi laifin komai ba. Sai dai a zamaninmu akwai wanda zai tsare ka ya tambaye ka dalili.

A lokacin da nake magana, garejinmu yana ƙarƙashin wani babban itacen bedi, 'yar tafiya kaɗan kafin shingen kwastan. Babu rufi, babu allo mai suna. Sarƙar ɗaga inji tana rataye a reshe mafi kauri, har ta ci ɓawon ta nutse cikin itacen. Motocin da suke bin hanyar Maradi kusan iri ɗaya ne, a-kori-kura ƙirar Faransa da 'yan'uwanta masu ɗaukar fasinja, don haka kunnenmu ya san su kamar muryoyin mutanen gida. Tun mota tana tahowa daga cikin Jibiya wani zai ce ta wane ce, kuma fulogi ɗaya ba ya kamawa. Da safe aikinmu wanke sifanu da kananzir a cikin rabin garwa, da kwashe yashin da ya kwanta a kwanon matatar iska, sai kuma gugar bawul. Gugar bawul ita ce ta fi cin rai. Ka shafa man guga, ka kama 'yar sanda mai roba a tsakanin tafukanka kana murzawa kamar mai kaɗa miya da maburgi, tun hantsi har azahar, sautin yana fita garas-garas, yana laushi a hankali, har ya koma sul-sul. In ya koma sul-sul ka gama ɗaya, saura bakwai. Yau wannan sauti ya ɓace daga bakin hanyar. Abin da kake ji shi ne janareta da waƙar waya. Injuna kuma a jibge suke zuwa daga ƙetare, babu wanda ya san tarihin ko ɗaya, ana cire wannan a sa wancan kamar batirin tocila.

Maigidanmu Oga Bitrus ne, mutumin kudancin Zariya da ya yi aikin gyaran motocin gwamnati har ya yi ritaya, ya ga Jibiya ta karɓe shi ya zauna. Ran Lahadi yana coci, ran Juma'a kuma da kansa yake korar mu mu je mu yi wanka kafin kiran farko. Ba shi da yawan magana, sai in an zo kan hayaƙi. Yakan tsuguna a bayan mota, ya tara tafinsa a bakin salansa, ya shinshina, ya murza yatsu. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, a duba kafireta. Fari mai laima, ruwan lagireto ne ya sami hanya. A kan shuɗi yake tsayawa ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya.

"Shuɗi baƙin mai ne yake ƙonewa, wannan ko mai sayar da rake ya sani," in ji shi. "Aikinku ku gano ta ina man ya bi ya je wuta. In da safe ne kawai, ta sama ya zo, ta bawul. In sai an taka, ta ƙasa ya zo, ta ringi. In ba ku gano hanyar ba, kada wanda ya taɓa mini noti."

Mun ji wannan magana har ta gundure mu. Mukan maimaita ta da muryarsa idan ya tafi cin abinci.

Shekarata bakwai a hannunsa lokacin da yanar ido ta matsa masa, aka ce sai an yi masa aiki a Kano. Ni ne babba a cikin masu koyo, na riga na tara gemu, ni nake haɗa inji shi yana zaune yana sauraro. Ranar da zai tafi ya miƙa mini makullin akwatin kayan aiki a gaban kowa, ya ce in ya dawo ya tarar da gareji yadda ya bar shi, zai yaye ni. Wanda bai koyi sana'a a wancan zamani ba, ba zai san nauyin wannan magana ba. Yaye shi ne a tara makanikan gari, a yi addu'a, maigida ya ba ka sifanu naka na kanka, ya kama hannunka ya kai ka gaban sarkin tasha ya ce wannan ɗana ne, a ba shi inuwa. In ba a yi maka haka ba, ko ka fi kowa iya aiki babu direban da zai ajiye maka mota. Yanzu mutum yakan yi wata shida yana miƙa sifana, ya sayi rigar aiki, ya buɗe nasa wurin, babu mai tambayarsa wa ya koya masa. Ni kuwa a makon nan na je Daddara na gaya wa mahaifiyata, ita kuma ta gaya wa duk unguwa.

Kwana uku da tafiyar Oga sai ga Malam Idi. Ɗan kasuwa ne mai kai goro da atamfa Maradi ya dawo da wake da dabino, uwarsa mutuniyar can, ubansa na nan, shi kansa bai damu da ko wane ɓangare yake kwana ba. Shekara goma sha biyar yana wannan zirga-zirga a kan mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗin nan mai feda na mutanen Nijar, da kaya a ɗaure har sun fi kansa tsawo. Da Allah ya buɗa masa sai ya sayi a-kori-kura daga hannun wani malamin gona da aka yi wa canjin wurin aiki. Mun san motar sarai. Oga ne yake yi mata juyen mai tun tana sabuwa, kuma yakan ce duk hanyar nan babu inji mai lafiyar nata. Amma ranar tun daga nesa muka hango ta tana jan shuɗin hayaƙi a bayanta, masu sayar da ƙosai a bakin titi suna rufe kwanukansu.

"Ina Oga Bitrus?" ya tambaya tun bai kashe ta ba.

Na ce ya tafi Kano aikin ido, ni ne a madadinsa.

"To kai za ka duba mani ita, ƙanena. Wanga hayaƙi ya ishe ni. Duwan, 'yan kwastan na can ƙetare, sun laƙa mani suna, wai mai gashin kihi. Jiya guda yac ce in tsaya nesa da tutarsu kar in sake mata launi."

Na tsuguna a bayan mota yadda Oga yake yi, na tara tafi, na shinshina, na murza yatsu, ina sane cewa sauran suna kallona. Na ce, "Kawu, tana cin baƙin mai?"

"Ci? Galan guda bai kai mani mako."

Daga wannan amsa na yanke hukunci. Inji da yake shanye galan a mako ya gama yawo, abin da ya rage a san ta ina. Tambaya ɗaya na yi masa, kuma ita ce ta ƙarshe.

Na fara da sama. Na cire fulogi huɗun, duk a jiƙe suke, baƙi ƙirin, kuma jiƙewarsu daidai wa daida. Na sauke kan silinda, na goga bawul, na sa sababbin robobi, na mayar. Hayaƙi yana nan. Na ce to ta ƙasa ne. Na kwance gindin inji, na zaro fistan, na sa sababbin ringi. Hayaƙi yana nan, bai ragu ba ko kaɗan. Yanzu da nake tuna abin a natse, ina iya lissafa shaidun da suka tsaya a gabana ina kau da kai. Tsohon inji ba ya jiƙa fulogi huɗu daidai, akwai wanda yake fin wani. Da na buɗe murfin zuba mai inji yana aiki, ba ya hura iska ko kaɗan. Da na toshe ramin fulogi da babban yatsa aka juya, ƙarfin iskar ya kusa fasa mini fata. Cikin silinda sumul yake, ringin da na cire kuma da na ajiye su kusa da sababbin ban iya bambance su ba. Sannan ga gejin mai. Duk lokacin da na zaro shi man yana kan alama, kuma baƙi ne, tsoho. Injin da ake ƙara wa galan kowane mako, mansa ba ya samun damar tsufa. Duk na gani. Amma na riga na faɗa a gaban jama'a cewa inji yana cin mai, kuma makullin akwati yana aljihuna yana yi mini nauyi mai daɗi.

Malam Idi kullum yana zuwa ya zauna a kan taya, kasuwarsa tana wucewa. "Ƙanena, goro bai jiran makanike hwa. Ya hwara bushewa cikin huhu." A rana ta tara na miƙe na goge hannu na ce masa injin ya mutu, sai dai a sake wani. Sauran abokan aikina suka dubi juna. Ɗaya ya ce ko a jira Oga. Na ce Oga ni ya bar wa gareji.

A wancan lokaci wanda yake neman inji Maradi yake zuwa. Turawa sukan ƙetaro hamada da tsofaffin motoci su sayar a can su hau jirgi su koma, waɗanda hamada ta karya kuma a farke su a sayar gunduwa-gunduwa. Muka ɗaga injin Malam Idi da sarƙa, muka ɗora shi a bayan wata babbar mota, muka bi ta Dan Isa. Duwan suka leƙa suka ga inji a kwance a kan taya, ɗaya ya ce, "Mai kihi, yau murhun kad ɗauko?" Dillalin da muka je wurinsa dattijo ne marar fara'a. Sharaɗin shi ne a ba shi namu a yi ciko, ya ba mu nasa. Ya sa sifana ya juya injinmu da hannu, ya kara kunne, ya sake juyawa. Ya ɗago ya dube ni.

"Mi ya same shi?"

Na ce ya mutu, ba ya riƙe mai.

Ya ajiye sifana. Ya sa aka shige da shi can cikin shago tun ba a gama magana ba, kuma duk cinikin da Malam Idi ya yi bai ja da shi ba. A hanya Malam Idi yana ta murna wai bai taɓa ganin mutumin nan da sauƙin kai haka ba.

Injin da muka kawo na wata 'yar'uwar motar ne da ta fi ta girma, wadda aka ƙera daga baya, kuma a nan na koyi cewa kama da juna a ido ba ta nufin komai a cikin bonet. Mazaunin inji bai hau ba, sai da mai walda ya yanka ya ƙara ƙarfe. Bututun salansa ya kauce da kusan faɗin yatsu uku, muka gasa shi muka lanƙwasa. Tiyon lagireto ya gaza, wayar totur ta yi tsawo, fanka tana neman taɓa lagireto. Kwana huɗu muna sauke shi muna mayarwa, reshen bedi yana ƙara, ni ina zagin Faransawa da ba su san ina yi ba. Da komai ya zauna, sai na yi abin da kowane makanike yake yi da sabon ɗauri: na sayo fetur a ɗan galan, na ɗora a kan rufin mota, na ja tiyo kai tsaye zuwa kafireta. Bugu biyu ta tashi. Na zaga baya na tsuguna. Babu hayaƙi, ko na sigari. Na bar ta tana aiki rabin sa'a, salansa tas. Malam Idi ya raba goro har ga masu wucewa, yana cewa Oga Bitrus ya haifi magaji. Na cire galan, na mayar da tiyon tanki, ya shiga ya ja.

Bai kai shingen kwastan ba shuɗin ya biyo shi. Muna tsaye muna gani ya yi kwana ya dawo. Ya leƙo ta taga, ya nuna baya da babban yatsa. Na ce ragowar man tsohon inji ne ya kwanta a cikin salansa, zai ƙone ya ƙare. Har ga Allah na so in yarda da abin da na faɗa. A galan babu hayaƙi, a tanki akwai. Ko wannan kaɗai ya isa ya farkar da wanda yake son farkawa. Kwana uku yana zuwa Maradi yana dawowa, hayaƙi bai ƙare ba, ni kuma na fara tunanin ko dillalin ne ya cuce mu.

Ana cikin haka Oga ya dawo, da baƙin tabarau da auduga a ido ɗaya. Likita ya hana shi sunkuyo da shiga ƙura, amma washegari da hantsi ya sa aka kawo shi gareji, ya zauna a kan kujerarsa. Bai daɗe da zama ba Malam Idi ya iso. Oga ya karkata kai tun motar tana nesa.

"Wannan jikin motar malamin gona ne. Muryar ba tata ba ce. Wa ya taɓa ta?"

Na matso na yi bayani tun daga farko, ina ƙoƙarin jera shi yadda zai yi kyau. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Injiniya, a galan ta yi hayaƙi?"

Na ce a'a.

"A tanki fa?"

Na ce ta yi.

"Kawo mini takardar buhun siminti. Cire tiyon tanki, ɗiga mini a kai."

Na ɗiga. Ya ce in ɗiga na galan a gefe guda, in ajiye a rana. Ba a yi minti biyar ba na galan ya bushe bai bar komai ba. Na tanki ya bar tabon maiƙo kamar an ajiye ƙosai a wurin. Oga ya shafa da yatsa, ya shinshina, ya juya wajen mai mota.

"Malam Idi, in ka sha mai a gidan mai, daga nan me kake yi?"

"Mi nika yi? Abin da kowa ka yi. In na iso gida in auna mata nata."

"Nata me?"

Malam Idi ya dube mu kamar muna yi masa wasa. Ya buɗe ƙofa, ya zaro galan na baƙin mai da gwangwanin madara daga bayan kujera. "Gwangwani guda ga kowane galan na isansi, fetur ke nan. Haka mai gyaran mobilet ya koya mani tun ranar da nis saye ta, yac ce ran da ka mance, ran nan inji ya kama. Shekara sha biyar ban mance ba ko sau ɗai. Wagga kuwa da ta hi girma, ina ƙara mata rabi don alheri." Sai ya buɗe tankin fetur ya nuna mana. Ya zuba, ya rufe, ya dafa gefen mota da hannu biyu yana jijjiga ta da dukkan ƙarfinsa don man ya gauraya, yadda yake girgiza ɗan babur ɗinsa a tsakanin ƙafafu.

Wani ya fashe da dariya, sauran suka bi. Oga bai yi ba. Ya yi masa bayani a hankali cewa injin mobilet ba shi da wurin ajiye baƙin mai, shi ya sa ake gauraya masa a fetur, mota kuwa nata yana ƙasa a kwanonsa, ba ya haɗuwa da wuta. Muka zuƙe tanki, muka wanke, muka wanke kafireta da fulogi, muka zuba fetur tsantsa. Ta yi ɗan tari, ta yi shuɗi na ɗan lokaci, ta washe.

Malam Idi ya cire hula ya share gumi. Kunya ta kama shi ƙwarai. Ya zo ya kama hannuna a gaban kowa ya ce, "Ƙanena, ka yahe mani. Mako biyu ina wahal da kai, ashe ni ad da laihi. Jahilci ne." Na ce ba komai, Kawu. Haka na ce. Ya shiga mota ya tafi yana gode mana.

Oga ya bari sai da sauran suka tafi cin abinci. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Ringin da ka cire, suna ina?"

Na kawo. Ya bi su da farce ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye.

"Ka san lafiyarsu lau tun ranar da ka zaro su."

Na ce na yi zato.

"Ba zato na tambaye ka ba. Ka ji wannan da ka ɗaura masa? Bawul na uku yana ƙwanƙwasa, kuma ya sha yashin hamada. In ya yi shekara uku ya yi ƙoƙari. Wancan da ka bayar zai yi goma sha biyar. Mutumin nan ya zuba mai a inda bai kamata ba, gaskiya ne, amma shi ɗan kasuwa ne, ba a ba shi makulli ba. Ya tafi yana ganin shi ya kashe injinsa, har yana ba ka haƙuri, kai kuma ka karɓa." Ya nuna hanyar gari da haɓa. "Bayan la'asar yana zama a ƙofar gidansa da mutanensa. Ka je ka gaya masa a gabansu, tunda a gaban mutane ya roƙe ka."

Na ce Oga, ai mota ta gyaru, shi ma ya gamsu.

"Na ji. Ka je."

Ban taɓa jin nisan cikin Jibiya ba sai ranar. Na tarar da su su biyar a kan tabarma, motar tana gefe an wanke ta, yana ba su labarin gwangwanin madara suna dariya har da shi. Na gaishe su na durƙusa. Na ce, "Kawu, injinka na farko lafiyarsa ƙalau. Man da kake zubawa bai lalata shi ba. Na buɗe shi na ga babu laifi, na sauke shi duk da haka. Da na tambaye ka inda kake zuba man, da aikin bai wuce wanke tanki ba. Kuma wanda na ɗaura maka bai kai shi ba."

Dariya ta tsaya. Ya ce, "Sake hwaɗi."

Na sake.

"Wato ɗazu da nika ba ka haƙuri, kana ce mani ba komi, ka san da wagga magana?"

Na ce na sani.

Ya daɗe yana kallon motar. Wani daga cikin dattawan ya fara cewa ai tunda ya zo da kansa, Malam Idi ya ɗaga masa hannu. Ya ce gobe da sassafe in same shi, mu je mu karɓo abinsa.

Muka je. Dillalin ya ce injin bai kwana uku a shagonsa ba, an ɗaura shi a wata mota mai zuwa Agadas, kuma mai ita ya aiko da godiya. A hanyar dawowa Malam Idi bai yi mini magana ba, har muka wuce duwan, muka wuce kwastan. Ya tsaya nesa kaɗan da gareji, bai kashe mota ba.

"Sauka nan. Hayaƙin nawa ne, na ɗauka. Injin kuwa kai ka ɓad da shi. Ka gai da Oga, ka ce mashi ba ni da ƙorahi a kanshi, amma matona ba ta ƙara kwana ƙarƙashin bedinku."

Na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni. Oga ya gyaɗa kai, ya miƙo tafi. Na ɗora masa makullin akwati.

"Ka ɓatar da inji, ka ɓatar mini da mutum. Bana babu yaye."

Raina ya ɓaci, na ce amma ai na je, na faɗa a gaban mutane kamar yadda ya ce.

"Shi ya sa na ce bana," in ji shi. "Da ba ka je ba, da ba bana zan ce ba."

Na koma gugar bawul tare da waɗanda na girme da shekara biyar. Na je Daddara na warware maganar da bakina. Shekarar nan kaf, kullum da hantsi motar Malam Idi takan wuce ta gabanmu da lodin goro, salansarta tas, ya ɗaga wa Oga hannu, ni ko kallo. Gyaransa ya mayar Maradi. Ni kuwa tun tana tahowa daga cikin gari nake jin bawul na ukun nan yana ƙwanƙwasa, aikin da bai fi minti goma ba in da zai tsaya, bai kuwa taɓa tsayawa ba.